Sai an kawo sabuwar mota gida?

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini. Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya. Amma tambayarka ta ba ni dariya: wai dole ne sai ka tuƙo motar daga Abuja zuwa Jos a sa mata albarka, ko hoton da ka tura wa dangi a WhatsApp ya wadatar, tunda mai ya yi tsada? Gwaggonka ta ce in tambaye ka ko hoton ne zai kai ta asibiti ran da ƙafarta ta motsa.

Ni da karen mota na fara, a babbar mota mai bodin katako, muna lodin dankali da kayan gwari. Aikina weji: in mun kama hawa mota ta fara nishi, in diro in bi ta da gudu, da ta tsaya in cusa katakon a bayan taya. Ina cikin wannan aikin aka yi canjin hannu ranar 2 ga Afrilu 1972, aka koma tuƙi ta dama, direbobi suka yi ta tafiya suna salati. Lokacin yawancin motoci daga waje suke zuwa. Sai a 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, a kawo kayan daga Faransa a ɗaura a nan. Volkswagen na Legas, daga baya ga Steyr a Bauci, ga Fiat a Kano. Kuɗin Udoji sun shigo hannun ma'aikata, har malamin makaranta yana iya sayen sabuwa dal.

A wannan zamanin maigidana ya sayi 504 fara, ni na raka shi ɗauko ta. Muka biyo ta Saminaka a hankali, don sabon inji ba a matsa masa, kujeru duk da ledarsu, ni kuwa na ɗosana a gaba ina tsoron in jingina. Da muka shigo gari bayan la'asar na zaci tasha za mu, abokansa su gani. Sai ya karya kan mota ya nufi Gangare, ƙofar gidan mahaifiyarsa. Ya kashe, ya cire takalmi, ya shiga ya durƙusa ya ajiye makullin a gabanta a kan tabarma.

Tsohuwa ba ta ko taɓa makullin ba. Ta aika a kira liman da maƙwabta, ta sa aka sayo ƙwaryar goro, aka soya waina aka raba wa almajirai. Liman ya dafa kan motar ya yi addu'a, ya tuna wa maigida ayar hawa, Subhanallazi sakhkhara lana haza. Sannan ta fito da mayafinta, ta zagaya motar, ta leƙa ciki, ta ce masa a gaban kowa: "Ka ga mutanen nan? Duk wanda ya buga maka ƙofa da dare, ka tashi." Aka yi aka yi ta shiga a zaga da ita, ta ƙi, wai warin ledar yana hawar mata kai. Yaran unguwa aka cusa, aka kai su Tamanus aka dawo suna ihu.

Kuma an buga ƙofar. Mai naƙuda, wanda kunama ta harba, kai amarya, zuwa ta'aziyya Bukur, duk a 504 ɗin nan, ni ne ma direban daga baya. Mahaifina, kakanka, yakan ce mota ƙarfen nasara ce, ba ta da amana, sai da bakin iyaye a kanta. Yakan kuma ce abin da aka nuna wa dangi ya zama na dangi, shi ya sa marowaci yake ɓoye nasa.

Yanzu fa? Tun da darajar naira ta karye bayan 1986 masana'antun nan suka yi ta durƙushewa, muka koma 'yan Kwatano, abin da Bature ya hau ya gaji shi muke wa murna. Wannan ba laifinku ba ne. Abin da ke damuna shi ne gilashin nan mai duhu da kuke ɗagewa, ku wuce dattijo yana tsaye a rana bakin titi, ko a rage gudu babu. Maƙwabcinka a Kubwa ya ma san sunanka?

Ban ce kawo mota gida farilla ba ne, ban taɓa jin malamin da ya ce haka ba. In dai za ka zo, kada ka taso da yamma. Ka sa bakanike ya duba birki da ruwan lagireto tun a Abuja. In ka wuce Akwanga ka doshi Hawan Kibo, ka bar wa tireloli hanya, kada ka manne a bayansu. Ran komawa kuma ka sauko da ƙaramar giya, kada ka ɗora ƙafa a birki har ya yi zafi, nan ne ake rasa mutane.