Wane adireshi sabar za ta kasa kunne a kai?

Ɗana, ka tambaye ni game da manhajar lissafin kaya da muke haɗa wa mai kantin magani a nan Garwa: wane adireshi za ka rubuta wa sabar (wato ɓangaren manhajar da ke jiran kira daga sauran na'urori) tun farko, 127.0.0.1 ko 0.0.0.0, tunda abokanka sun ce na biyun ba ya ba da ciwon kai.

Rubuta 127.0.0.1. Da shi kwamfuta ke magana da kanta, kuma duk abin da ya kasa kunne a nan, babu mai iya kiransa daga waje. Shi kuwa 0.0.0.0, ka ce wa sabar ke nan ta amsa kira ta duk hanyar da kwamfutar ke da ita: kebul, Wi-Fi, har wayar da aka jona don samun intanet. Kamar ka bar ƙofar zaure da ta bayan gida a buɗe ne ka tafi kasuwa. Abokanka ba su yi ƙarya ba, yana aiki nan take, sai dai kowa yake yi wa aikin.

Abin da ya fi damuna shi ne, mai kanti ba zai taɓa buɗe fayil ɗin saiti ba. Yadda ka bar shi ranar farko, haka zai zauna shekaru. Kuma ka ga yadda kalmar sirrin Wi-Fi take a kantin: tana rubuce a takarda, manne a jikin teburin sayarwa, yaran shago sun sani, maƙwabci mai cajin waya ma ya sani. Duk wanda ya hau layin zai iya laluben rumbun bayanan, ga sunayen masu bashi da maganin da kowa ke saye. Amana ce aka ba mu.

Manya ma sun sha wannan. MongoDB, wata manhajar rumbun bayanai, ta daɗe tana amsa wa kowa idan ba a canza saitinta ba, har a farkon 2017 ɓarayi suka share dubban rumbuna da ke buɗe a intanet, suka bar saƙon neman kuɗin fansa. Daga siga ta 3.6 ta koma sauraren cikin gida kawai. Redis, ita ma manhajar rumbun bayanai, ta kawo irin wannan kariya a siga ta 3.2, a 2016. PostgreSQL kuwa, wadda rumbunmu ke kanta, a haka take zuwa, sai ka buɗe ta da hannunka.

Na san za ka ce kwamfutar mai karɓar kuɗi fa, ai dole ta kai ga sabar. To, sai ka buɗe da niyya. Ka ba manhajar adireshin cikin kanti, misali 192.168.1.10, ka bar rumbun bayanan a 127.0.0.1, tunda manhajar kaɗai ke buƙatarsa kuma kwamfutarsu ɗaya. Amma ka kafe adireshin nan na 192.168.1.10 a rauta, na'urar da ke raba adireshi a layin kanti. In aka ɗauke wuta, rauta ta tashi ta raba sabon adireshi, sabar za ta nemi tsohon ta rasa, ta ƙi tashi, a kira ka da sassafe mutane na tsaye a layi.

A cikin Docker, mai gudanar da manhaja a keɓaɓɓen akwati cikin kwamfuta, maganar ta bambanta. A can 127.0.0.1 na akwatin ne shi kaɗai, don haka a ciki dole ka sa 0.0.0.0, sannan ka taƙaita wajen fito da tashar, wato lambar ƙofar da ake kiran manhaja ta ita: -p 127.0.0.1:8080:80. In ka rubuta -p 8080:80 kawai, ta buɗu ga kowa, kuma dokokin ufw, katangar tsaro ta kwamfutar, ba lallai su tare ta ba.

Kafin ka bar kantin, buga ss -tlnp, umarnin da ke jero duk tashar da ke kasa kunne, ka karanta layi-layi. Inda ka ga 0.0.0.0, ko tauraro, ko [::] na sabon tsarin adireshi IPv6, tambayi kanka wa ya buɗe shi, don me. Sannan ka hau Wi-Fi ɗin da wayarka ka nemi tasha ta 5432, wadda PostgreSQL ke amfani da ita. In PostgreSQL ta amsa maka, koma ka gyara saitin kafin ka tattara kayan aikinka.