Ma'anar Fiɗira: Shin da Musuluncinsa Ake Haihuwar Yaro?

Wani malamin makarantar Islamiyya daga Jega ya rubuto yana cewa: "Allah ya gafarta Malam, a hadisin da ke cewa kowane yaro ana haihuwarsa a kan fiɗira, wasu na fassara kalmar da Musulunci, wasu kuma da asalin halitta. Wanne ne daidai? Kuma yaya za a haɗa wannan da karin maganarmu, hali zanen dutse?"

Malam, hadisin da kake nufi na Abu Huraira ne, Allah ya yarda da shi, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. Ma'anarsa ita ce ana haihuwar kowane jariri a kan fiɗira, sai iyayensa su mayar da shi Bayahude ko Banasare ko Bamajuse, kamar yadda dabba ke haihuwar ɗanta da cikakkiyar halitta, ba a ganin mai yankakken kunne a ciki. Duk wanda ya taɓa zagaya kara ranar kasuwa ya ga akuya ko saniya da tsagaggen kunne, ya san ba haka uwarta ta haife ta ba, mai ita ne ya sa wuƙa ya yi mata shaida. Bayan hadisin, Abu Huraira yakan karanta aya ta 30 ta Suratur Rum, wadda ta ambaci fiɗirar Allah da ya halicci mutane a kanta.

Tushen kalmar a Larabci yana nufin tsaga abu ko fara shi. Daga nan aka sami sunan Suratu Faɗir da Suratul Infiɗar, da ifɗari, wato buɗa-baki. An ruwaito cewa Ibn Abbas bai fahimci ma'anar Faɗir ba sai da wasu Larabawan ƙauye biyu suka zo masa suna jayayya a kan rijiya, ɗayansu ya yi amfani da wannan kalma yana nufin shi ne ya fara haƙa ta. Ke nan fiɗira ita ce yanayin farko da aka ƙagi mutum a kansa, tun kafin hannun kowa ya taɓa shi.

A nan malamai suka rabu. Da yawa daga magabata sun ce abin nufi Musulunci ne, kuma Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan Hijira, ya ƙarfafa wannan, yana kafa hujja da hadisin ƙudusi na Muslim inda Allah ya ce ya halicci bayinsa dukansu masu karkata ga gaskiya. Shi kuwa Ibn Abdil Barri, babban malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 463, ya zaɓi cewa fiɗira kuɓuta ce daga aibi da shirin karɓar gaskiya, domin jariri bai san imani ba balle kafirci, kuma aya ta 78 ta Suratun Nahli ta faɗa ƙarara cewa an fitar da mu daga cikkunan iyayenmu mata ba mu san komai ba. A ganina tazarar da ke tsakanin maganganun biyu ba ta kai yadda ake zato ba, saboda ko masu cewa Musulunci ne ba su taɓa nufin jariri ya faɗo duniya ya san farillan alwala ba. Suna nufin karkata ce da aka dasa masa, irin yadda yake lalubar nonon uwarsa da baki tun ranar farko, ba wanda ya koya masa, bai kuma san sunan abin da yake nema ba.

Saboda haka shawarata ga mai karantarwa ita ce ya bar kalmar yadda take, ya ce fiɗira, sannan ya yi bayani cewa ita ce lafiyayyen asali mai karkata ga kaɗaita Allah. Idan ya ce "Musulunci" ya yi shiru, yara za su ɗauka hukuncin shari'a ake nufi, alhali a fiƙihu yaro yana bin iyayensa ne wajen hukunce-hukuncen duniya irin su gado da jana'iza, kuma a mazhabar Malikiyya uba yake bi.

Game da karin maganar, ban ga saɓani ba, domin hali daban, fiɗira daban. Fiɗira ɗaya ce ga kowane ɗan Adam, hali kuwa kowa da nasa, har ma a ɗaki ɗaya akan sami mai haƙuri da mai saurin fushi. Sannan a lura, Bahaushe zane ya ce, kuma zane sai da mai zanawa. Ɗaliban zaure da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid za su tuna cewa a gabatarwarta an kwatanta koyar da abu a ƙuruciya da zane a kan dutse, an kuma ce zuciyar da aka fi sa ran alheri gare ta ita ce wadda sharri bai riga ya shige ta ba. Idan ana neman karin maganar da ta fi kusa da hadisin, to ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wadda nake jan kunne a kanta ita ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, idan aka ɗauke ta aka yanke wa yaro hukunci da laifin gidansu tun bai buɗe baki ba. Hadisin bai ce addinin iyaye yana bin jini ba, cewa ya yi iyaye ne ke mayar da yaro haka, kuma wannan aiki ne na tarbiyya.

Wata 'yar'uwa daga Gusau ta tambaya: in dai a kan fiɗira aka haifi jariri, mene ne amfanin yi masa huɗuba? Hajiya, huɗuba ba musuluntarwa ba ce. Lokacin da ungozoma ta gama wanke jariri aka naɗe shi a zane aka miƙa wa uba ko kaka, ya sunkuya ya raɗa masa kiran salla a kunnen dama da iƙama a na hagu, fatan da ake yi shi ne sunan Allah ya zama farkon abin da kunnensa ya ji. Ba a neman jariri ya furta kalmar shahada, kuma wanda ba a yi wa huɗuba ba bai rasa fiɗirarsa ba.

Tambaya ta ƙarshe daga wani matashi ne a Zuru, inda ake samun Musulmi da Kirista a zuri'a ɗaya. Ya ce mahaifinsa ya musulunta da girmansa, kuma yana jin zafi idan aka kira mahaifin nasa tubabbe. Ɗana, asalin kalmar ba zagi ba ne. Ta fito daga tauba ta Larabci, wadda tushenta ke nufin komowa, don haka da Bahaushe ya ce wane ya tuba, ma'anar da ke ƙarƙashin maganar ita ce ya komo ga asalin da aka halicce shi a kai. Abin da ya ɓata kalmar shi ne bakin masu gori, waɗanda ke faɗinta don nuna cewa su gadon Musulunci suka yi, shi kuwa shigowa ya yi. Su tuna cewa Abubakar da Umar da Usman, Allah ya yarda da su, duk da girmansu suka karɓi Musulunci. Tun da dai kalmar ta zama abin gori a bakin jama'a, ni na fi son a ce wane ya musulunta ko ya karɓi Musulunci, a kuma ci gaba da kiran mahaifinka Malam ko Baba kamar kowane dattijo.