Likita, mene ne SVR12 a takardar gwajina?

Tambaya: Salam likita, dan Allah na gama shan maganin ciwon hanta nau'in C amma har yanzu anti-HCV ɗina fozitif ne, kuma an rubuta SVR12, wallahi hankalina ya tashi.

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar'uwa, kwantar da hankalinki. Shi anti-HCV shaida ce kawai cewa ƙwayar cutar ta taɓa shiga jikinki, yawanci ba ya gogewa ko an warke. Abin dubawa HCV RNA ne, gwajin da ke neman ƙwayar kanta a jini, in ba a ganta ba sati 12 bayan kin gama maganin DAA, wato maganin da ke kashe ƙwayar ciwon hanta nau'in C, to shi ne SVR12, kin warke kenan. Amma fa ana sake kamuwa, kar ki yi amfani da reza ko allurar wani.