Turawa kawai na yi, ba ni na faɗa ba: shin doka za ta kama ni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni ce mai kula da wani zauren WhatsApp na matan unguwarmu a nan Bauchi. Makonni uku da suka wuce wata daga cikinmu ta sa saƙon murya tana cewa uwar adashinmu ta gudu da kuɗin zubi, ta haɗa da hotonta da lambar wayarta, har ta ƙara da cewa ana ganinta da maza a otal. Ni kuma na tura saƙon zuwa wasu zauruka biyu don a yi hattara, na rubuta "kamar yadda aka turo". Daga baya ta bayyana cewa uwar adashin jinyar mahaifiyarta take yi a Azare, kuma ta ba kowa kwasarsa. Yanzu mijinta ya ce sai ya kai mu kotu. Ina da laifi alhali ba daga bakina maganar ta fito ba? Daga 'yar'uwarku a Fadaman Mada.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da doka za ta iya kama ki da shi, kuma kalmomin nan na "kamar yadda aka turo" ba za su zama miki garkuwa a gaban alƙali ba. Abin da doka take dubawa a shari'ar ɓata suna shi ne yaɗawa, wato isar da maganar da ke zubar da mutuncin wani zuwa kunnen mutum na uku. Wadda ta yi saƙon muryar ta yaɗa shi a zaure ɗaya, ke kuma kin ɗauke shi kin kai wasu zauruka biyu da ita ba ta kai ba, saboda haka kowace turawa da kika yi sabuwar yaɗawa ce wadda take kanki.

Kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya bayyana ɓata suna a sashe na 391, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Jihohi sun yi wa kundin gyare-gyare daga baya, amma ɓata suna yana nan a matsayin laifi. Ba sai an tabbatar da cewa kin yi nufin cutar da uwar adashin ba, ya wadatar a nuna cewa kina da dalilin sanin maganar za ta taɓa mutuncinta, kuma babu mai hankalin da zai ji an kira mace ɓarauniya mai bin maza ya ce bai san hakan zai taɓa ta ba. Ban da wannan, tana da damar zuwa babbar kotu ta nemi diyya, inda wadda aka kai ƙara ce za ta kawo hujjar cewa maganar gaskiya ce. Kin riga kin faɗa da bakinki cewa ba gaskiya ba ce, don haka wannan ƙofar a rufe take.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarki shi ne zancen otal. Batun kuɗi ana iya warware shi da littafin zubi, amma jifan matar aure da alfasha wani abu ne daban, musamman a Bauchi inda kotunan shari'ar Musulunci suke sauraron laifuka tun 2001. Aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya yi wa kamammiyar mace ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba, kuma a mazhabar Malikiyya ko habaici aka yi, muddin an fahimci zina ake nufi, yana iya shiga hukuncin ƙazafi. Alƙali ne zai auna lafazin ya ga ko ya kai haddi ko ya tsaya ga ta'aziri, wato horon da alƙali yake yankewa bisa ganinsa. Ki tuna kuma da ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda: waɗanda aka yi wa bulala a Madina mutane ne daga cikin Musulmi da suka ji maganar suka maimaita ta, kuma Alƙur'ani ya zarge su da karɓar ta da harsunansu suna faɗin abin da ba su da sani a kai. Tun wancan lokacin aka rufe uzurin "ji na yi na faɗa". A Sahihu Muslim ma an rawaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji.

Mai yiwuwa ki ji ana tsorata ku da dokar laifukan intanet ta 2015, don haka gara ki san matsayinta yanzu. Sashe na 24 na dokar a da yana da faɗi sosai, har saƙon ƙarya da aka tura don a ɓata wa wani rai yana shiga ciki, kuma an sha amfani da shi a kan 'yan jarida. Kotun ECOWAS ta yanke cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, a 2024 kuma aka gyara shi, aka taƙaita wancan ɓangaren ga saƙon batsa da kuma saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya tura don tayar da fitina ko jefa rai cikin haɗari. Hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko duka biyun. A ganina zai yi wuya a kama ki da wannan sashen tunda ba ki san ƙarya ba ce lokacin da kika tura. Sai dai rashin samun mutum da laifi a ƙarshe ba ya mayar masa da kwanakin da ya yi a tsare. A watan Mayun 2022 an kama wata ma'aikaciyar lafiya a Warji bisa zargin tura wani bidiyo a zauren WhatsApp, ta yi kimanin wata 18 a tsare kafin ta samu beli, kuma sai a ƙarshen 2024 kotu ta sallame ta.

Hoton da lambar wayar ma ba ƙaramin abu ba ne. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma tana ɗaukar hoto da lambar waya a matsayin bayanan mai su. Ta ba ku lambarta ne don a riƙa tura mata zubi, ba don a raba wa baƙi su kira ta da zagi ba.

Kasancewarki mai kula da zaure ba laifi ba ne a karan kansa, babu ɗaya daga cikin dokokin da na ambata da ya ɗora wa mai kula nauyin duk abin da wani ya rubuta. Amma tun 2022 WhatsApp ya ba masu kula damar goge saƙon kowa daga zaure, kuma lauyan da ke ɗaya ɓangaren zai tambaye ki abin da ya hana ki amfani da wannan damar. Na san niyyarki gargaɗi ce, kuma doka ba ta hana gargaɗi ba. Da kin kira uwar adashin, ko kin aika gidanta, ko kin kai ƙorafin ga mai unguwa ko 'yan sanda, da kina cikin kariya, domin kai ƙara da kyakkyawar niyya ga wanda yake da hurumi ba ɓata suna ba ne. Wannan shi ne binciken da aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da shi, kuma kiran waya ɗaya ya isa ya nuna muku tana Azare a gefen gadon mahaifiyarta.

Yanzu abin yi. Kafin ki taɓa komai, ki adana saƙon na asali da hoton allon waya mai nuna wadda ta fara sa shi da ranar da ta sa, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya amince da shaidar da aka ciro daga waya da kwamfuta, kuma wannan ne zai nuna ba ke kika ƙirƙiri maganar ba. Hakan ba zai wanke ki gaba ɗaya ba, amma yana rage nauyi. Daga nan ki roƙi mambobin zaurukan uku su goge shi daga wayoyinsu, tunda lokacin da za ki iya goge wa kowa ya wuce. Kada ki sake yin wata magana a kanta a zaure don kare kanki, kowace kalma za a iya karanta miki ita a kotu.

Ki nemi sulhu da wuri, kafin a shigar da ƙara. Ki tafi gidanta tare da maigidanki da limamin unguwa ko mai unguwa, ki ba ta haƙuri ita kanta, domin ita aka zalunta kuma ita ce mai yafewa. Sannan ki janye maganar a duk inda kika kai ta, da muryarki, kina ambaton sunanta, kina cewa zargin kuɗin da zargin otal duka ƙarya ne. Na nace a kan murya saboda yawancin matan da suka saurari zargin ba za su tsaya karanta dogon rubutu ba, kuma haƙƙinta ne gyaran ya isa kunnen da ɓarnar ta isa. Ki bari lauya ya duba kalmomin kafin ki tura, kuma duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Idan 'yan sanda suka gayyace ki kafin nan, ki amsa gayyatar tare da lauya, domin sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ki damar yin shiru har sai kin gana da shi. Idan ba ki da halin ɗaukar lauya, ki je ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA a nan Bauchi, ki tafi da wayar da saƙon yake ciki.