Gam a fuskar robar guga

Wai gam ɗin samfefa ya maƙale a fuskar robar guga, wadda ake manna wa samfefa a goge katako, ko ka zuba mata diliyan, ruwan nan na tsinka fenti? Ajiye kwalbar nan tukuna, yaro.

Shekarar da na dawo shagon Sabon Gari na sa aka sayo min irin robar nan guda 4 daga Kano, fuskarsu sumul kamar madubi. Wani yaro da nake da shi, mai gaggawa irinku, ya tsoma su cikin gwangwanin diliyan ya tafi kallon ƙwallo. Kafin safe fuskar ta yi laushi tana kama yatsa, ta bushe da tudu da kwari. Bai faɗa min ba. Ya manna sabon samfefa ya rufe ɓarnar, ya goge min ƙofofi 6 na kabad ɗin amarya. A busasshen katako ido ba ya gani. Sai da berni, man da ke sa katako sheƙi, ya hau, aka fitar da su rana, ga katako yana igiyar ruwa. Kawun amarya ya shafa da tafin hannu sau ɗaya, ya ce jika 60 da suka rage ba zai cika ba. Biki saura kwana 5. Dare biyu na yi ina kankarewa da hannuna, da fitila a baki, aka zo aka kwashe kaya, ko dala bai ƙara ba, wai na ɓata musu lokaci. Har yau in na hango shi a kasuwar Dole sai in sake hanya.

Diliyan da asiton, ruwan da ake goge fentin farce da shi, suna cin irin wannan roba, shi ke nan. Ka shanya ta a rana kaɗan gam ya saki, ban da ranar azahar ta Damagaram, lanƙwasa ta za ta yi. Ka murza da babban yatsa ya dunƙule, sauran ka ture da tsinken katako. Wuƙa tana barin zane. Wanda ya ƙi fita, ɗigon man gyaɗa a tsumma, ko alkol na kantin magani, amma ka fara gwadawa a gefe. In ka sa mai, wanke da sabulu da ruwan ɗumi har ta daina santsi, in ba haka ba sabon samfefa ba zai kama ba, katako kuma ya sha tabon mai.

Yadda ake ɗora ta a kan gilashi a duba ko ta miƙe, wannan ma sai na koya maka? Cire abin nan daga kunnenka ka ɗora ruwa.