Wuta ce ke ƙona auduga, ko sabon ido ne kawai?

Malam, tambayarka ita ce: shin sanadi yana cikin abubuwa da kansu, ko hankalin mai kallo ne ke ƙulla shi?

Muhawarar ta daɗe. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga. Ido yana ganin auduga ta ƙone sa'ad da wuta ta taɓa ta, amma bai ga abin da ya wajabta ƙonewar ba. Ibnu Rushdi, masanin falsafa na Andalus, ya mayar masa da martani cewa musun sanadi rushe ilimi ne. Daga baya Hume, mutumin Sikotilan, ya ce sabo ne kawai. Kant kuma, masanin falsafa Bajamushe, a 1781 ya ce hankali ne ke tsara abin da muke gani bisa sanadi.

Mu nan Sakkwato, wanda ya karanci tauhidi a zaure ya san wannan bayani na Gazali da sunan hukuncin al'ada.

Kada dai ka cakuɗa Gazali da Hume, ɗalibai na yawan yin haka. Gazali ga Allah ya mayar da aikin, Hume kuwa ga ɗabi'ar ɗan Adam. Kuma Gazali bai ce a bar shan magani ba.

Ɓangaren aƙida kam, gara ka zauna gaban malamin tauhidi ya warware maka a tsanake.