Ledar tintin motata ta tsufa, yaya zan ɓare ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla 'yar Kwatano, ledar tintin da ke gilasanta ta koma shunayya, ta yi bororo, da dare da ƙyar nake ganin baya. Na gwada ja, sai ta yayyage ta bar mini gam mai danƙo. Ina mafita? Daga mai karatu a Jega, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya sami ledarka aikin rana ne. Tinti leda ce mai rini da gam a bayanta. Shekaru suna tafiya rana tana cinye rinin, gam ɗin kuma yana bushewa. In ka ja ta da sanyinta, fatar sama ce za ta biyo hannunka, ta ƙasa ta zauna daram. Zafi ne maganinta, kuma a Kebbi ba sai mun saya ba.

Ka sami kwalbar feshi, ka zuba ruwa lita 1 da cokali 2 na sabulun wanke kwanuka. Ka yanka baƙar leda babba daidai faɗin gilashin, ka fesa ruwan a waje ka manna ta don ta tara zafi. Daga ciki ma ka jiƙa tintin sharkaf, ka rufe da wata ledar kada ya bushe. Sai ka juya gilashin ya fuskanci rana, ka rufe ƙofofi, ka ba shi awa 1 zuwa 2. Daga hantsi zuwa azahar ya fi, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Da safiyar hunturu kada ma ka fara, ledar karyewa za ta yi ta yi. In rana ta ƙi, na'urar busar da gashi ta isa: tazarar kamar santimita 10, hannu yana yawo, kada ka tsaya wuri ɗaya. Tafasasshen ruwa a kan gilashi mai sanyi kuwa, hanyar fasa shi ce.

A gilashin ƙofa, sauke shi kaɗan ka ga bakin ledar na sama, ka ɗaga kusurwa da sabuwar reza, ka ja a hankali da hannu biyu. Duk inda ta cije, dakata ka ƙara zafi. Ka shimfiɗa tawul a jikin ƙofar, domin makunnin gilashi da sifika ba sa shiri da ruwa. Ragowar gam ka jiƙa shi, ka kankare da reza a kwance. Ka wanke ƙura tukuna; ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin reza sai ta ja layin da ba ya gogewa.

Gilashin baya ne inda ake yin asara, don Allah ka kula. Siraran layukan nan ja-ja da ke kwance a jikinsa wayoyi ne da aka ɗora a fuskar gilashin, su ke kore raɓa, a wasu motocin har eriyar rediyo tana cikinsu. Reza ta ratsa ɗaya, layin ya mutu ke nan. Saboda haka a nan farce da haƙuri kawai. Ka riƙa ja daga gefe zuwa gefe, yadda layukan suka bi. Gam ɗin da ya rage ka ɗiga sifirit a tsumma mai laushi, ka ɗora minti 2, ka goge kana bin layin. Ban da soson ƙarfe, ban da fetur, wanda ke cin roba, ga haɗarin gobara a mota mai zafi. Masu amfani da ruwan amoniya, wani sinadarin wanki mai kaifin wari, wajen jiƙa tintin su buɗe ƙofofi duka, kuma kada su kuskura su haɗa shi da bilic mai sa tufafi fari, hayaƙinsu guba ne.

Wasu motocin duhunsu a cikin gilashin yake tun daga kamfani. In farcenka bai ji bakin leda ba, bar shi, wannan ba ya ɓaruwa.

In za ka sa sabuwa, tun 1991 akwai dokar da ta taƙaita baƙin gilashi a Najeriya, ka nemi izinin 'yan sanda kafin ka biya mai aiki. Bayan an manna, ka bar gilasan a rufe kwana 3 gam ya kama.